Gwangwanin Man Inna

Muchia, Sabon Gari,
Zariya.
15 ga Nuwamba, 1974.

Zuwa ga Yayana Ɗanmalam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙanwa ke yi wa yayanta, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Zubaidatu da duk wanda ke ci daga tukunyarku a can Fatakwal. Yaya aikin reluwe, yaya kuma fama da ruwan saman ƙasarku da ba ya jin ana cewa damina ta wuce? Allah ya ƙara maka ƙarfi da rufin asiri, ya sauki Zubaidatu lafiya, ya raba ta da abin da ke jikinta cikin sauƙi, amin. Nan gida kowa yana nan da rai. Kawu Shehu ƙafarsa ta yi dama har ya koma zuwa masallacin Juma'a da kansa, Ahmadu kuma ya samu shiga koyon gyaran rediyo a wani shago a PZ, yanzu ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Turamen atamfa da ka aiko ta hannun gadin jirgi sun iso tun kafin Ƙaramar Salla, Inna ta sa albarka, ni ma na gode.

Yaya, kafin ka ci gaba, ina roƙonka ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai. Kada ka karanta wannan takarda da ƙarfi a gaban Zubaidatu kamar yadda ka saba, sai ka kai ƙarshenta tukuna, sa'an nan ka zaɓi abin da cikinta zai iya ɗauka ka faɗa mata. Maganar Uwani ce. Na san 'yar fari ce, na san ko sunanta ba ka kamawa, kuma duk wasiƙun da ka rubuto tun da aka kawo ta yaye wurin Inna, sai dai ka ce a gai da yaran gida, alhali yaro ɗaya ne tak a gidan. Ban taɓa ganin laifinka ba, haka muka taso muka iske ana yi. Amma yau ka ajiye kunyar nan a gefe, domin 'yarka ta kusa kuɓuce mana, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban isa in ce maka ta tsira ba. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba tun rasuwar Baba.

Ka tuna yadda kuka kawo ta, 'yar duma-duma, ba ta zama wuri ɗaya. Cikin 'yan makonni ta manta da nono ta maƙale wa takwararta Inna. Duk inda Inna ta zauna da garwar manta a bakin zaure, Uwani na nan gefenta da nata ɗan murfin kwalba, wai ita ma ciniki take yi. Maganar da ta fara iyawa ba ta wuce uku ba: Inna, da ruwa, da gyara. Ta ji masu sayen mai kullum suna miƙo kwalba suna cewa a yi musu gyara, sai ita ma ta ɗauka. A ba ta koko ta shanye ta miƙo moɗa ta ce gyara, a goya ta a sauke ta ce gyara, har matan unguwa suka riƙa ce mata 'Yar-gyara. Na rubuta maka kafin azumi cewa ta yi ƙyanda ta warke, kuma wallahi lokacin haka muka gani. Ashe ciwon ya tafi da cin abincinta. Tuwo ta ƙi, koko ta ƙi, gashinta ya yi ja ya kwanta, ta koma ba dariya ba magana, sai wani ɗan kuka siriri da ba ya ƙarewa. Cikin azumi ƙafafunta da kumatunta suka cika, mu kuwa muka yi murna wai ƙiba ce ta dawo, har ranar da na danna bayan ƙafarta da yatsa na ga ramin ya zauna bai taso ba.

Remi, matar telan nan da ke haya a gidan da ke kallon namu, ita ta tsaya a kaina ta ce in kai Uwani ƙaramin asibitin yara da ke Samaru, kada in kwana. Na nemi izinin hedimastanmu, na goya ta muka shiga bas. Can muka samu wata ma'aikaciyar jinya, Sista Keziya, mutuniyar wajen Zonkwa ce, doguwa, ba ta da yawan fara'a, amma hannunta yana da sanyi a jikin yaro. Ta duba ta, ta ce tamowa ce, kumburin nan ruwa ne ba tsoka ba, da mun ƙara mako guda da sai dai wani labarin. Suka riƙe mu kwanaki a ɗakin da suke kwantar da irin waɗannan yara. Ba allura ce maganin ba, Yaya, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Garin madara ne da sukari da man gyaɗa, a dama cikin tafasasshen ruwa, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. A gadon da ke kusa da namu akwai wani yaro sa'anta da gudawa ta kama. Da safe muna gaisawa da uwarsa, kafin la'asar an naɗe shi a zane an fita da shi. Tun daga ranar kalmar gudawa ta zauna mini a ƙirji.

Da kumburin ya sauka suka ce mu koma gida mu ci gaba da haɗin, mu riƙa kawo ta awo kowace Alhamis. To, a asibiti komai da sikeli suke aunawa, da giram, sabon awon nan da ya kori laba da oza. Mai giram sittin ake sa wa kowace kwalbar ruwa. Na ce wa Sista mu ba mu da sikeli a gida, sai ta ce ai babu uwar da ke da shi, don haka ne ma suke mayar da nauyin zuwa abin da kowace mace ke da shi a madafinta. Ta nuna mini na madara, ta nuna mini na sukari, sa'an nan ta ɗauko ƙaramin gwangwanin tumatir ta ce cikinsa ɗaya shi ne awon mai. Ka san ni da katsalandan, ga shi kuma ban daɗe da koya wa 'yan ajina giram da lita ba. Na duba jikin gwangwanin na ga an buga saba'in, na ce mata ai wannan ya zarce sittin, za a ɗura wa yarinya mai fiye da ƙima. Ta dube ni ta ce, wato malamar makaranta ce ni. Ba ta yi gardama ba. Ta cika shi da ruwa ta juye a kwanon sikeli, allura ta haura sittin sosai. Ta goge, ta cika shi da mai ta juye, allura ta tsaya cak a kan sittin. Ta ce saba'in ɗin nauyin tumatir ne, tumatir kuwa ya fi ruwa nauyi, ruwa ya fi mai, shi ya sa mai ke tasowa saman miya. Mazubi ɗaya ne, amma kowane abu da nasa nauyin a cikinsa.

Sai ta ja mini kunne da kyau. Ta ce a cika shi daidai bakinsa, kada a rage, kada a ƙara. In an rage, yarinya za ta sha ta sha ba ta yi ƙiba ba, domin man ne ƙarfin haɗin. In kuma an zarce, cikinta zai iya ɓaci, yaro irin wannan kuwa ba ya jure gudawa. Abu biyu ta faɗa mini, Yaya, amma ni ɗaya na ji. Yaron nan da aka naɗe a zane yana cikin idona, don haka abin da na dawo da shi gida shi ne kada a ƙara.

Da na zayyana wa Inna yadda ake yi, sai ta ce to alhamdu lillahi, magani ya zo gidansa. Ta ce ba za a shayar da takwararta man kasuwa ba alhali ita da kanta take soya gyaɗarta, ta kai niƙa, ta matse. Manta za a sa, kuma ita za ta auna da hannunta. Gwangwani kuwa ba sai an nema ba, ga nata nan rataye a bakin garwa. Ka san shi, wanda Baba ya yi wa mariƙi da wayar keke, wanda ya girmi aurenka nesa ba kusa ba, ya yi baƙi ya yi santsi don shan mai. Na ɗauka na duba, ƙaramin gwangwanin tumatir ne, babu shakka. Ban juya shi ba. Me zai sa in juya abin da na buɗe ido na gani a gidanmu?

Haka muka riƙa yi, sau biyu a yini, da sassafe kafin in tafi makaranta da kuma bayan na taso. Ni ce mai ruwa da madara da sukari, Inna ce mai mai. Ta tsoma gwangwanin ta cika ta juye, sai ka ga hannun ya koma garwa da kansa, ya ɗan ɗebo, zai ƙara. Ba da saninta take yi ba, hannu ne ya saba, shekara da shekaru bai taɓa juye awo ya tsaya ba. Ni kuwa sai in cafke wuyan hannunta in ce Sista ta hana. Ranar farko ta yi dariya ta ce ta manta. Daga baya ta fara jin haushi, ta ce ita tun da take ba ta taɓa sallamar ko baƙo ba gyara ba, yau ga shi an sa ta tana yi wa jikarta ƙwauro. Na ce mata wannan ba ciniki ba ne, magani ne. Har na taɓa ɗaga mata murya, Allah ya yafe mini, na tambaye ta ko so take a naɗe mana ita a zane. Tun daga ranar ba ta sake musu ba, amma hannun bai daina komawa ba, ni ma ban daina kama shi ba.

Alhamis ta farko muka je awo. Wani ɗan wando suke zura wa yaro mai igiya, a rataye shi a ƙugiyar sikeli yana lilo. Yaran da ke da ƙarfi ihu suke suna harbin iska, har uwayensu na jin kunya. Uwani kuwa aka rataye ta ta yi shiru, kanta ya langaɓe gefe, idonta a kaina. Na yi sha'awar ihun yaran nan, wallahi. Allura ta tsaya inda ta tsaya ran da aka sallame mu. Sista ta ce ba komai, wani yaron yakan yi nawa kafin ya taso. Alhamis ta biyu allurar ba ta motsa ba, ga kuma wani ɗan tari da ya fara mata. Nan fuskar Sista ta canza. Ta ja ni gefe ta tambaye ni yara nawa ne a gidanmu, wa ke shan shayi da safe, ko kuwa ana ɗibar garin madarar ana kai wa maƙwabta. Ta ce kada in ji haushi, ta sha ganin haka. Na ji haushin kuwa, na ce mata ko cokalin da muke damawa ba ma lasa. Ta ce to akwai abin da ba daidai ba, ko a jikin yarinyar ko a haɗin. In mako mai zuwa ba ta hau ba, za a tura mu babban asibiti a zura mata roba ta hanci, a kuma ɗauki hoton ƙirjinta saboda tarin. Ta ce in zo da duk kayan da muke haɗawa da su, har mai haɗawar, a yi a gabanta.

Wannan makon, Yaya, ban san yadda na koyar da 'ya'yan mutane ba. Ina gaban allo amma kunnena yana bakin ƙofa, duk wanda ya gifta ta taga sai in ce aiko shi aka yi daga gida. In na dawo kuwa, tun daga kan kwanar layinmu nake rage tafiya ina duba ko akwai takalma da yawa a ƙofar zaure. Matan unguwa kuma ba su bar mu mun huta ba. Wannan ta ce a daina ba ta mai, mai ne ke hana mai kumburi warkewa. Waccan ta ce ba ciwon asibiti ba ne, a nemi turare. Wata har ta ce mini a gaban Inna wai a aika wa uwarta ta zo ta gan ta tun da sauran lokaci. Na ɗauki alƙalami in rubuto maka ya fi a ƙirga, sai in kasa, domin ban san me zan ce ba. Kun ba mu yarinya tana gudu tana surutu, mu ce muku me? Fatar cinyarta ta saki tana naɗewa kamar tsohuwar riga, in na ɗauke ta sai in ji kamar ba kowa a hannuna.

Ranar Alhamis ta makon jiya Inna ta riga ni shiryawa. Ka san rabonta da wuce Kwangila tun bikinka, amma ta ce ƙafarta ƙafata. Ta ɗura mai a kwalba, ta naɗe gwangwaninta a tsumma ta ƙulle a bakin mayafi. A cikin bas carbi kawai take ja, ɗayan hannun yana kan ƙafar Uwani. Aka rataye yarinya, allura ta ma ɗan ja baya. Sista ta gai da Inna da ladabi, ta ce mata Mama, ta kawo mata kujera, ta zuba manmu a wani kwano ta ce a haɗa yadda aka saba. Na auna madara, ta ce daidai. Na auna sukari, ta ce daidai. Inna ta kwance gwangwaninta ta tsoma ta cika, sai Sista ta tare da kwanon sikeli ta ce a juye nan. Inna ta juye, hannunta ya nufi komawa, na kama shi kamar kullum. Muka zuba wa allurar ido mu uku. Ta tashi, ta wuce arba'in da kaɗan, ta tsaya.

Sista ta karɓi gwangwanin ta kifa shi a tafin hannunta. Yaya, gindinsa a lotse yake, an dake shi ya shige ciki har za ka iya ajiye ƙwan zabuwa a ramin, bakinsa kuma an taɓa rage shi an goge don kada ya yanki hannu. Ta ajiye shi kusa da nata, sai ga shi kamar wa da ƙane. Na tsaya ina jiran faɗa, amma ba ta yi ba. Sai ta ce ita ma uwarta mai take sayarwa a kasuwar garinsu, kuma gwangwanin uwar tata haka yake. Ta tambaye ni me ya sa na riƙe wa Mama hannu. Na ce gyara za ta yi, ni kuma na hana. Sai ta roƙi Inna ta auna kamar mai saye ne ya zo. Inna ta cika ta juye, ta koma ta ƙaro yadda ta saba, allura ta ɗan gota sittin. Aka sake, wannan karon ta ɗan gaza.

Kai ma ka san abin nan, ni ma na san shi, duk Muchia an san shi. Babu mai sayar da mai da ke awo da gwangwani lafiyayye. Ana lotsa gindin ne don a bar wa gyara wuri, saboda in ka cika wa mutum mudu fal ka hana shi gyara, zai tafi yana cewa kai marowaci ne, in kuwa ka ba shi ƙarami ka ƙara masa, sai ya tafi yana sa maka albarka. Mai saye ya sani, mai sayarwa ta sani, babu wanda aka cuta, Inna ma har an san ta da sakin hannu. Awon Inna gwangwani ne da gyara, su biyun a haɗe. Ni na raba su. Kusan kashi ɗaya cikin uku na man yarinyar nan, safe da yamma, mako uku, shi ne abin da nake tarewa a wuyan hannun uwarmu ina ganin ceton rai nake yi. Sista ta ce kada kowa ya ɗora wa kansa, ita ma da ta sani da ta ba mu nata gwangwanin tun farko. Ta ce hannun Mama ya isa ciniki, amma yau ya gota gobe ya gaza, yarinyar nan kuwa sai awon da ba ya canzawa. Ta ɗaga mana zuwa babban asibiti da mako ɗaya.

Da muka sauka daga bas na biya kasuwar Sabon Gari wurin Ukachi, mai shagon kayan gwangwani da ke bakin layin 'yan tumatir, wanda ya dawo bayan yaƙi. Na ce ya zaɓo mini ƙarami wanda ko ƙwarzane babu. Ya fito da kusan goma yana juya su ɗaya-ɗaya a hasken rana, yana tambayata da Hausarsa ta kasuwa ko miyar Gwamna za a yi. Da na faɗa masa dalili sai ya daina wasa, ya buɗe shi da kansa a hankali, ya murje bakin da dutse, ya ce in kawo masa yarinyar ya gan ta ran da ta fara gudu. Muna isa gida Inna ta wuce ɗaki ba ta ko cire mayafi ba. Can da la'asar na ji ƙara a tsakar gida. Na leƙa na same ta ta kifa tsohon gwangwanin a kan taɓarya tana dukan gindinsa da dutsen niƙa, wai sai ta miƙar da shi. Ƙarfen ya riga ya tsufa, bugu kaɗan ya tsage. Ta zauna a ƙasa riƙe da shi tana kallo. Tun daga ranar ba ta fitar da garwa zaure ba, masu saye na sallama tana aika musu cewa mai ya ƙare. Awon man Uwani ma ta ƙi taɓawa, ta ce in yi da kaina. Sai dai ta zauna gefe tana kallo, hannayenta biyu a matse tsakanin gwiwoyinta. Abinci kuwa sai na yi da gaske take kai loma biyu.

Jiya muka koma awo da sabon haɗi na mako guda a cikin Uwani. Ban iya kallon sikelin ba, bango na juya na fuskanta, sai da Sista ta kira sunana. Allurar ta matsa gaba, Yaya. Kaɗan ne, bai kai faɗin farce ba, amma gaba ta yi. Kuma da aka rataye ta ta yi kuka har da shure-shure, ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na jiya ba. Duk da haka Sista ta ce kada mu saki jiki. Tarin yana nan, sanyi kuma yana shigowa, ƙaramin zazzaɓi ko gudawar yini ɗaya za su iya mayar da mu inda muka fito ko ƙasa da nan. Ta ce sai ta ga hawa uku a jere kafin ta ce komai. Ta kuma ce awon haɗi ne ba a taɓawa, amma in an riga an dama, a ba ta iyakar abin da za ta iya sha.

Abin da nake roƙonka biyu ne. Na farko, ka nemi hutu ka zo, kada ka jira Babbar Salla. Ba ina yi mata mugun fata ba ne, Allah ya kiyaye, amma ina so ka ɗauke ta da hannunka ka ji nauyinta, ko da a ɗaki ne inda ba mai ganinka. Na biyu, in za ka rubuto, ka sa wa Inna gaisuwa ta musamman, ka gode mata da riƙon yarinya, kada ka ambaci gwangwani ko da wasa. Ita gani take ita ta yi, ni gani nake ni na yi, muna zaune gida ɗaya kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Kalmarka za ta fi tawa shiga kunnenta.

Kawu Shehu yana gaishe ka, ya ce yana sa Uwani cikin addu'a bayan kowace salla. Ahmadu yana gaishe ka, Remi da maigidanta suna gaishe ka, ita ce ke kama mana wanki duk ranar awo. Ka gai da Zubaidatu ƙwarai da gaske, ka ce mata 'yarta tana hannun masu sonta. Ka gai mini da abokin aikinka Celestine da iyalinsa, da duk mutanen Zariya da ke barikin reluwe.

Na ajiye alƙalami a nan ɗazu na je na dama na yamma, bari in ƙara maka abin da ya faru kafin in liƙe ambulan. Na zuba wa Uwani a moɗa na miƙa wa Inna, domin ba ta yarda ta sha a hannun kowa sai ita. Ta saba ta kurɓa sau biyu ta kau da kai, a yi ta lallashi da cokali. Yau ta kama moɗar da hannu biyu ta shanye tas, ta sauke tana haki. Sai ta miƙo ta. Muryar ta dushe, sai da ta maimaita muka ji, rabon da ta yi magana tun kafin azumi. Gyara ta ce. Inna ta ɗago ta dube ni, hannunta ya tsaya a kan kwanon madara, tana jira in kama shi. Ban kama ba, Yaya. Ta cika mata moɗar har ta zuba a tabarma.

Ka taya mu addu'a Allah ya nuna mana Alhamis mai zuwa da rai da lafiya. Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Barakatu